Tanti, in tafi karatun ergoterapi ko in zauna jiran matrikil?

Saƙon wannan satin daga wata ɗiyarmu ce ƴar Birni, nan cikin Damagaram, ta ce in sakaya sunanta. Ya yi tsawo sosai shi ya sa na taƙaita shi:

"Tanti na gama karatun anfirmiye, yanzu ina benebola a wata CSI (ƙaramin asibitin unguwa), ba albashi ba matrikil (lambar ma'aikacin gwamnati). Babanmu baduku ne, wata biyar da suka wuce tansiyo ta kada shi, ɓarin dama ya shanye. Kine (masu gashi da motsa gaɓoɓi) sun yi ƙoƙari yanzu yana takawa da sanda, amma hannun ya ƙi, ba ya iya riƙe basilla, ko alwala sai an zuba mishi ruwa, kullum yana zaure ya yi shiru. A intanet na ga akwai masu ergoterapi, aikinsu su maida mutum ga hidimarshi ta yau da kullum da sana'arshi, wlh raina ya kwanta da aikin. Na duba makarantun lafiya na nan ban ga fannin ba. Wani a WhatsApp ya ce in biya jikka 400 in yi karatun wata 6 ta salula a ba ni diplom, wai har manyan kamfanoni irin matatar mai suna ɗaukan masu shi dan kula da lafiyar ma'aikata. Inna da Yaya sun ce in zauna in jira konkur (jarabawar ɗaukan ma'aikatan gwamnati), wanda zan aura kuma ya ce bayan babbar Sallah za a ɗaura. Kaina ya kulle."

Toh ɗiyata, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya miki albarka da kika damu da hannunshi ba ƙafarshi kaɗai ba, dan yawancinmu da mun ga mai shanyewar jiki ya miƙe ya taka sai mu ce Alhamdulillahi ya warke, mu watse.

Mutumin WhatsApp ɗin nan kar ki tura mishi ko dala. Akwai ƙungiyar duniya ta masu wannan aikin, WFOT, tun 1952 aka kafa ta, ita ke duba makarantu ta ce wannan ta cika sharaɗi wannan ba ta cika ba, kuma cikin sharuɗɗan akwai cewa ɗalibi sai ya yi aƙalla awa 1000 na staj, hannunshi bisa jikin mutane, wani gwani na tsaye kanshi yana gyara mishi. Ki lissafa da kanki, awa 8 kullum, kwana 5 a sati, sati 25 kenan, wato staj ɗin kaɗai ya cinye wata shidan da ya ce miki, ba a ma zo maganar darasin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da girman yara da taɓin hankali ba. A Faransa shekara 3 ake yi kafin a ba mutum diplom ɗin gwamnati, wasu ƙasashen 4, wasu har 5. Sunayen makarantun da WFOT ta yarda da su suna nan a shafinsu kyauta, ki buga ki duba. Takardar da zai ba ki, in ma ya ba ki, sai dai ki manna a bango.

Amma aikin kanshi gaskiya ne, kuma abinda kika gani a zauren gidanku shine ainihin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi. Kine yana tambaya hannun nan ya ɗagu zuwa ina, ƙafar nan tana ɗaukan nauyi? Mai ergoterapi kuma tambayarshi ita ce Malam me kake yi da safe in ka tashi, me kake yi da azahar, wanne ne ya gagare ka, wanne ya fi ci maka rai. Daga amsar yake tsara aikin. Wani lokacin ya horar da hannun da abinda mutum ya saba yi, wani lokacin ya canza kayan aikin, wani lokacin ɗakin ko bayin ne za a gyara mutumin bai canza ba. Su biyun tare suke tafiya, ba kishiyoyi ba ne.

Kuma akwai abubuwan da ba sai kin jira diplom ba, ke anfirmiye ce, ki je ki samu kine ɗin da ke ganin Baba ku yi magana ya nuna miki iyakar abinda hannun zai ɗauka. Na farko ki hana kowa a gidan jan Baba ta hannun da ya shanye in za a tada shi, kafaɗar ba ta da ƙarfin riƙe kanta, ja ɗaya sai ta zame ta zama ciwon da zai hana shi barci. In yana zaune a sa matashi a ƙarƙashin hannun kar ya yi ta reto. Sa riga a fara da hannun da ya shanye, cirewa kuma shi ne na ƙarshe, da wannan dabarar kaɗai mutane da yawa sun koma sa rigarsu da kansu. Cokali a naɗe mariƙin da robar cikin tayar babur ko tsumma ya yi kauri, yatsun da ba su rufuwa sosai sai su iya kama shi. Alwala kuma a daina zuba mishi, a samo bido mai famfo a ɗora bisa kujera daidai tsayinshi yana zaune, ko a rataye buta da igiya yadda zai karkata ta da hannu ɗaya. Salga ita ce babbar matsalar da dattawa ba su faɗi dan kunya, tsuguno ya gagara, sai mutum ya rage ci da sha dan kar ya riƙa kiran ƴaƴanshi. Kafinta zai iya miki kujera mai rami a ɗora bisa bakin salgar, a kafa ƙarfe a bango ya riƙa kamawa.

Sai basilla. Nan ne zan daɗe, dan shirun nan da kika ce yana yi a zaure ba na ciwon hannu ba ne kaɗai. Mutumin da tun yana yaro yake cikin fata, mutane na zuwa suna cewa Malam a yi min alabe, a gyara min kube, yau ya wayi gari sai dai a gaishe shi da jiki a wuce, wannan kaɗai ya isa ya karya zuciya, kuma baƙin ciki mai nauyi bayan shanyewar jiki abu ne sananne a likitance, in kin ga ya daina ci ko barci ko yana cewa gara ya mutu ki faɗa ma likitanshi, kar ki ce ai haƙuri ne zai yi. Dukanci ba ɗinki ba ne kaɗai. Akwai zaɓen fata, wanda ido da hannu ɗaya sun isa, akwai zane, akwai ciniki, akwai koya ma yara. Ki sa Yaya ya riƙa kawo fatun gabanshi yana cewa wannan ta jemu wannan ba ta jemu ba, ko da Yaya ya sani. Kafinta ya haɗa mishi katako biyu da za su matse fatar yana danne su da gwiwa, sai hannun hagu ya koyi huda, na daman kuma a ba shi aikin dafe fatar ko da kaɗan ne, dan hannun da aka jingine aka manta da shi ƙara mutuwa yake. Ɗinkin farko zai yi muni, zai yi fushi ya jefar, ku ƙyale shi, washegari ku sake ajiye kayan kusa da shi ba tare da kun ce komi ba. Yawancin sauƙin da jiki ke samu yana zuwa ne cikin wata 3 zuwa 6 na farko, amma ba ya tsayawa nan in ana amfani da hannun, dan haka ku fara yanzu. Maganin tansiyo kuma kullum ne, ba sai kai ya yi ciwo ba, a rage gishiri da magi, ke kin fi ni sanin yadda mutanenmu ke ajiye ƙwayar da zarar sun ji dama.

Kin lura duk abinda na lissafo babu wanda ake yi a gadon asibiti? A tsakar gida ake yi, da kafinta da mai walda. Wannan shine ake nufi da aikin cikin al'umma, kuma shine ma'aunin da zaki auna makaranta da shi in kin tashi zaɓe. Ki tambaye su ina suke kai ɗalibai staj. In duk cikin ɗaki mai sanyi ne da injinan da aka sauko daga Turai, zaki dawo Damagaram ki tsaya kina jiran kayan da ba za su zo ba. Ki leƙa Kara-Kara, unguwar masu kuturta ta nan Damagaram, ki gani. Maganin kuturta kyauta ne tun 1995, wata 6 ko 12 mutum ya rabu da cutar, amma jijiyar da ta mutu ta mutu, mace ta ɗauki tukunya daga murhu ba ta ji zafi ba sai ta ga ƙuna, gyambon nan ne ke cin yatsu ba cutar ba. Wanda zai zauna da ita ya naɗe mata mariƙin tukunya da muciya, ya koya mata jiƙa hannu da shafa mai da duba tafinta kowane dare, ya tsare mata yatsun da suka rage. Haka yaran da zazzaɓin sauro ko sanƙarau ko wahalar haihuwa suka taɓa ma ƙwaƙwalwa, suna kwance bisa tabarma shekara da shekaru, uwar na ɗura musu koko a kwance suna shaƙewa, alhali ƴar kujera mai kusurwa da za ta tallafe bayan yaron da wuyanshi ta isa ta sa ya zauna ya haɗiye daidai ya ga ƴan uwanshi suna wasa. Hukumar lafiya ta duniya ta fitar da jagororin irin wannan aikin na cikin unguwa a 2010, a 2017 ta ƙaddamar da shiri na musamman kan gyaran jiki, wato farfaɗo da aikin jiki bayan ciwo ko naƙasa, lissafinta mutum biliyan 2.4 ne a duniya ke da larurar da gyaran jiki zai taimaka musu, wato kusan ɗaya cikin uku, a watan Mayun 2023 kuma ƙasashe suka amince da ƙudurin sa shi cikin tsarin lafiya. Duk da kyau. Amma ƙuduri ba ya biyan albashi, ki riƙe wannan dan zamu dawo kanshi.

Maganar kamfanoni, an haɗa miki gaskiya da ƙarya. Eh, kula da lafiyar ma'aikata wajibi ne bisa mai kamfani, dokar ƙwadago ta 2012 ta faɗi haka, CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ke ɗaukan nauyin hatsarin wajen aiki ga waɗanda aka yi ma rajista, akwai kuma sufetocin ƙwadago. Sai dai babban wuri irin matatar mai ta SORAZ, da ta fara aiki a 2011 can hanyar Tanut, in ana maganar lafiyar ma'aikata abinda aka fara nema likitan ma'aikata ne da anfirmiye da injiniyoyin tsaron wajen aiki, to kinga diplom ɗin da ke hannunki yanzu ma ya fi kusa da wannan ƙofar. Rabon mai ergoterapi a nan shine ma'aikacin da ya ji ciwo, direba da bayanshi ya ƙage, makaniki da inji ya yanke ma yatsu, a duba me zai iya me ba zai iya ba, a gyara tsayin teburi ko kujera ko mariƙin kayan aiki, a tsara mishi komawa sannu-sannu maimakon a sallame shi. Aiki ne mai kyau amma ba a buɗe mishi kujeru birjik ba.

Ni abinda ke cin raina ma, ma'aikatan Damagaram nawa ne ke cikin kamfani? Ki zaga Kasuwar Dole ranar Alhamis ki ƙirga. Masu fasa dutse a bayan gari, ƙurar dutsen nan mai laushi tana shiga huhu ta daskarar da shi, babu maganin da ke warkar da wannan, kuma tana buɗe ma tarin fuka ƙofa, rawani ko ƙyallen da suke rufe hanci da shi ba ya tare ta. Littafi zai ce a jiƙa dutsen da ruwa kafin a fasa, gaskiya ne, amma ki je ki faɗa ma mutum haka a garin da ruwan sha ma sayenshi ake bido-bido, dariya zai miki, sai dai ki zauna da shi ku duba daga ina iska ke busowa, ya juya mata baya, a matsar da yaran da ke zaune kusa, a nemo takunkumi na gaske ta hanyar ƙungiyarsu. Majema hannu da ƙafa cikin ruwan jima wuni guda. Masu walda da baƙin tabarau na kasuwa, dare ya yi ido na zafi kamar an zuba yashi. Ɗan ga-ruwa da bido 10 na lita 20 a kura, kilo 200 kenan yake turawa cikin rairayi. Teloli da masu aikin surfani a daren Sallah, wuya a lanƙwashe har asuba. Kusan dukansu ba su da CNSS, in hannu ya tsaya tukunyar gida ta tsaya, kamar yadda kuka gani a gidanku. Nan ne aikin yake, tuli, kuma nan ne babu mai biya, sai dai porojoji da ƙungiyoyin taimakon naƙasassu irin su HI da CBM, su kuma kwantiragi ne, yau akwai gobe ya ƙare.

Shi ya sa ba zan ce miki Inna ta yi kuskure ba. Mai ciyar da gida ya kwanta, ita tana kallon ɗiyarta mai diplom a matsayin wadda za ta shigo da albashi, ke kuma kina maganar tafiya wata ƙasa shekara 3 ko 4. Ba karatun take ƙi ba, tsoro take ji kar ki saki reshe ki kama ganye, kuma tsoron na da tushe. Gwamnati bisa jerin sana'o'in da ke cikin takardunta take ɗaukan ma'aikata, dan haka kafin ki kashe ko jikka ɗaya ki je ofishin lafiya na jiha ki tambaya a wane matsayi za a ɗauki mai wannan diplom ɗin, ki tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi ko za su daidaita takardar makarantar da kike so da namu, kuma ki roƙa a ba ki amsar a rubuce, maganar baki ta ofis ba ta kwana.

Inda ake karatun na gaske, a maƙwabta akwai jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, shekara 5, akwai wata makarantar tarayya a Oshodi cikin Legas da ke fitar da mataimaka. Jami'ar Gana ta fara nata a 2012, ta Ruwanda a 2014, Kenya kuwa tun da daɗewa. Duk waɗannan da Ingilishi ake yi, kuma Ingilishin asibiti ba na gaisuwar kasuwar Kwari ba ne, in can kika nufa yau zaki fara koyo. Da Faransanci akwai Tunisiya, Maroko ma ta buɗe a Rabat a 2017, ki je ANAB, hukumar tallafin karatu ta ƙasa, ki tambayi bursun ƙasashen waje da suke fitowa da lokacin ajiye dosiye. Lome kuma makarantarsu ta ENAM tana horar da kine da masu gyaran magana da masu ƙera ƙafar roba, ba shine abinda kike so ba daidai amma dangin juna ne, ki sa shi a lissafi.

Ra'ayina, bana ba shekarar tafiya ba ce. Baba yana lokacin da kowane sati ke da daraja kuma ke ce kika fahimci abinda yake buƙata. Ki ajiye dosiyenki na konkur kamar yadda Inna ta ce, in an dace kika samu matrikil kin fi ƙarfin neman izinin ƙaro karatu daga ciki, kujerarki na jiranki. Ki roƙi majo, shugaban CSI ɗinku, ya bar ki kwana ɗaya ko biyu a sati ki riƙa zuwa sashen kine na babban asibiti kina kallo kina taimakawa. In kin samu hali ki nemi staj a Danja kusa da Maraɗi inda suka daɗe da aikin kuturta, ko asibitin yara na CURE a Yamai. Ki je wajen ƙungiyar naƙasassu ta jiha ki saurare su, su suka san wanne keke ne ke tafiya cikin yashi wanne ne ke nutsewa. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta abinda kika yi ma Baba, kwanan wata, me ya canza, me bai yi ba, masu ba da bursu sun fi son ganin irin wannan da dogon zancen ina son taimakon al'umma. Kuma ta haka zaki gane ko aikin kike so ko tausayin Baba ne ke jan ki, dan akwai bambanci, aikin nan haƙuri ne zalla, sai ki yi wata kina koya ma mutum ɓalla maɓalli ɗaya.

Sai angon. A saƙonki ban ga inda kika ce kin faɗa mishi maganar tafiyar ba, sunanshi kawai kika sa cikin masu tare hanya, wata ƙila ma bai san akwai hanyar ba. Ki faɗa mishi ƙarara tun kafin a kawo kaya: ina da niyyar ƙaro karatu, zai iya kai ni wata ƙasa shekara 3 ko fiye, ba bana ba amma yana nan. Kar ki ɓoye ki ce bayan aure na lallaɓa shi, mata da yawa sun yi wannan lissafin diplom ɗinsu na cikin akwati har yau. In ya yarda kar ta tsaya tsakaninku biyu a salula, ki sa Yaya ko ƙanen Baba ya faɗe ta gaban waliyyanshi a shaida, har da maganar wa zai riƙe yaro in Allah ya kawo rabo kina tsakiyar karatu. In kuma ya ce shi sam matarshi ba za ta ƙetare iyaka ba, toh ki sake rubuto min ki faɗa min yadda ya faɗe ta da abinda Inna ta ce, sai mu duba daga nan.